YA HADDACE AMMA YA KASA FAƊA: YADDA ZA MU SHIRYA MASU FARAWA DON JARRABAWAR WAƘA DA ZUBE TA BAKA

 

'Yan uwana malaman Islamiyya da iyayen yara, darasinmu na yau kan wani abu ne da muke rainawa, alhali duk ƙarshen shekara sai ya sa wani yaro kuka. Ina nufin jarrabawar baka ta mahfuzat da ilƙa'i, wadda ake tsayar da ɗalibi gaban alƙalai ya kawo ƙasidar Larabci ko rubutacciyar waƙar Hausa da ka, sannan ya biyo da guntun zube, huɗuba ce ko labari ko muhadara.

Bara war haka an gayyace ni na zauna cikin alƙalan irin wannan jarrabawa a Tudun Wada. Makarantu sun turo yara daga Bebeji da Kiru, wasu kuma tun da asuba suka ratso dajin Falgore daga Doguwa. Cikin 'yan Doguwar akwai wani yaro da bai wuce shekara 11 ba, mai murya garau. Ya fara ƙasidarsa da gudu kamar ana kora shi. Yana zuwa baiti na 4 sai ya cije. Ya koma farko, ya sake tahowa, ya sake cijewa a wurin. A karo na uku ya waiga ya dubi malaminsa, malamin ya galla masa harara, shi ke nan sai hawaye.

Bayan an tashi na same shi a gindin darbejiya. Na ce, "Yarona, karanto mini ni kaɗai." Wallahi ya kawo ta tun daga farko har ƙarshe, ko gargada babu. Na ce, "To baitin farkon nan, me mai waƙar yake cewa?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ba a gaya mana ba."

A ranar kuma wata yarinya daga Kiru ta manta kalma a tsakiyar nata zuben. Ta ɗan yi shiru, ta ja numfashi, ta kawo wata kalmar mai ma'ana ɗaya, ta wuce abinta. Ita ta san abin da take faɗa, shi ya sa da kalma ta ɓace mata ma'ana ta riƙe ta. Shi kuwa sauti kawai aka loda masa kamar buhu a kan jaki, da igiya ɗaya ta kwance sai kayan duka suka zube.

Darasin namu ke nan a dunƙule. Wannan jarrabawa tana auna ko yaro zai iya isar da magana ga mai sauraro. Hadda harsashi ce kawai, kuma mu malamai mukan ƙare a harsashin mu ce mun gama gini.

ME YA SA ZA MU DAMU?

Karatun Alƙur'ani, alhamdu lillahi, yana da tsari. Tun 1986 Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ke jagorantar musabaƙa ta ƙasa, ana tankaɗe daga ƙananan hukumomi zuwa jiha zuwa ƙasa, kowane malami ya san abin da alƙali yake nema. Amma waƙa da zube mun bar su ga sa'a. Ga shi kuwa yaran nan su ne za su hau mumbari gobe, su ne za su tsaya gaban aji, kuma wanda ya ɗauki Larabci a WAEC zai tarar da ɓangaren baka yana jiransa. Yaron da aka kunyata a bainar jama'a yana ɗan shekara 11, sau da yawa bakinsa ya rufu ke nan. Za ka gan shi ya girma da ilimi a ciki, a ce ya tashi ya yi addu'a a wurin suna, gumi ya keto masa.

Ga abin da na gwada a makarantarmu na ga amfaninsa. Mako 6 ya isa, in dai an fara da wuri.

1. ZAƁI ABIN DA YA YI DAIDAI DA BAKIN YARO

Bari in fara da laifina. Shekarar da na dawo daga jami'a, kaina cike da adabi, na ɗauki Mu'allaƙar Zuhairu ɗan Abi Sulma na ba 'yan aji huɗu. So nake a ce ɗalibaina sun iya waƙar Jahiliyya. Yara suka yi ta fama wata guda, ranar jarrabawa babu wanda ya kai rabi. Daga baya na gane kaina nake son a yaba, yaran kuma su suka biya kuɗin.

Mai farawa ya ishe shi baiti 8 zuwa 10, da zube wanda bai wuce minti 2 ba. A Larabci a fara da baharin rajazu, wanda Larabawa ke wa laƙabi da jakin mawaƙa saboda kowa na iya hawansa. Yaranmu ma sun saba da shi ba tare da sun sani ba, domin Tuhfatul Atfal ta Jamzuri, mai baiti 61 da suke haddacewa a tajwidi, a kansa take. Dogayen bahar irin ɗawilu da basiɗu, a jira sai ƙirjin yaro ya buɗe.

A Hausa muna da taska. Akwai waƙoƙin Nana Asma'u, akwai Imfiraji ta Aliyu Namangi, akwai na Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu. A ciro baitocin da kalmominsu ba su yi wa yaro nisa ba. Zube kuwa, labari ɗaya gajere daga Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ya fi wa mai farawa sauƙi a kan doguwar muhadara, saboda labari yana da fari da tsakiya da ƙarshe, shi da kansa yake jan mai ba da shi.

2. MA'ANA KAFIN HADDA

Makon farko gaba ɗaya kada a haddace komai. Na san wasu malaman za su ce ɓata lokaci ne. A gwada dai a gani.

Ka karanta baiti, ka fassara shi da Hausar gida, ba Hausar tafsirin da yaro zai sake neman fassararta ba. Sannan ka tambaye shi abu uku: wa ke magana? Da wa yake? Me yake so mai sauraro ya ji, tsoro ko kwaɗayi ko tausayi ko dariya? Bayan haka ka rufe littafi ka ce ya ba ka labarin waƙar da bakinsa. In ya iya, ya shirya wa hadda. In bai iya ba, da sauran aiki a wurinka, ba a wurinsa ba.

Kada a ɗauka don waƙa da Hausa take yaro ya gane ta. Rubutattun waƙoƙinmu na da cike suke da Larabci da Hausar Sakkwato da kalmomin da suka daina yawo a kasuwa. Yaron Kafin Maiyaki ko na Riruwai zai rera su da daɗi alhali bai san inda suka dosa ba.

Haka magabata suka yi. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara jajis, mata malamai da ke haddace waƙoƙinta su kai wa 'yan taru a ƙauyuka. Manufar ita ce matar karkara ta gane addininta, shi ya sa aka yi waƙoƙin da Hausa da Fillanci ban da na Larabci. Waƙar da ba a gane ba, ba ta yi aikin da aka yi ta dominsa ba.

3. KUNNE KAFIN IDO

Waƙa tana da kari, kuma kari da kunne ake kama shi. Khalilu ɗan Ahmad na Basra, a ƙarni na 2 bayan Hijira, ya fitar da bahar 15 na waƙar Larabci, daga baya Akhfash ya ƙara ɗaya suka zama 16. Amma kafin Khalilu an daɗe ana waƙa daidai ba tare da an san sunan ko ɗaya ba. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, da kunne ya auna Imfiraji. Saboda haka kada ka cika wa mai farawa kai da sunayen zihafi da illa. Ka rera masa kawai.

Yadda nake yi: in rera baiti sau 3 littafi a rufe, yara na saurare. Sannan mu buga karin a kan cinya ba tare da kalmomi ba, gaɓa mai nauyi bugu mai ƙarfi, marar nauyi ɗan taɓi. A rajazu, mustaf'ilun mustaf'ilun mustaf'ilun, sai ka ga kafaɗunsu sun kama da kansu. Sai a ƙarshe mu ɗora kalmomin. Hausa ma haka take, mawaƙanmu na rubutu sun ari ma'aunan Larabci saboda gaɓoɓinmu ma sun kasu masu nauyi da marasa nauyi.

Akwai kuma wani dalili. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, haka baƙi na launi da baƙi masu zuwa gida. Yaron da ya haddace daga takarda shi kaɗai zai iya dasa kuskure ya yi ta ban-ruwa har mako 6. In akwai waya, malam ya naɗi muryarsa ya tura wa iyaye, yaro ya riƙa ji. Idan kaka ta kama, yaranmu da yawa suna gonakin shinkafa da masara, wasu ba sa zuwa makaranta kullum. To hanyar gona ma aji ce. Yaro ya tafi yana rerawa, takun ƙafarsa na riƙe masa kari.

4. GYARAN HARUFFA

Harshen Bahaushe yana da wuraren da ya saba zamewa a Larabci. Sa mai ɗigo uku (ث) mukan mai da ita sin, zal (ذ) mu mai da ita zayun, ainu ta ɓace, ha ta maƙogwaro (ح) ta koma ha mai sauƙi. Lalura da alwala da alƙali duk shaida ne kan yadda kakanninmu suka mai da harafin (ض) lam. A Hausa sun zauna daram, babu laifi. A ƙasidar Larabci kuwa kuskure ne.

Misalin da yara ba sa mantawa shi ne ƙalbu da kalbu, ɗaya zuciya, ɗaya kare. Abin dariya, a Hausa ma in ka cire ƙugiyar ƙare, kare za ka samu. Ka ba su wannan sau ɗaya su yi dariya, sun riƙe har abada.

A kula da yaran rugage, musamman na kewayen Falgore da Tiga, waɗanda Fillanci suka fara ji a gida. Su ɓ da ɗ ba sa ba su wahala, suna da su a harshensu. Ƙ da ts ne babu, nan za a taimaka musu. Kuma duk malamin da ya bari aji ya yi wa yaro dariya kan lafazinsa, shi ya faɗi jarrabawar kafin yaron.

Kada a gyara harafi goma rana ɗaya. Harafi ɗaya, minti 5, kullum kafin a tashi.

5. INDA AKE TSAYAWA

A nan waƙa da zube suka rabu, kuma a nan aka fi asarar maki.

A zuben Larabci, in ka tsaya sai ka ɗaure harafin ƙarshe, ta marbuɗa ta koma ha, tanwinin fataha ya koma alif. A waƙa kuwa, in ƙafiyar mai wasali ce, ana jan wasalin ƙarshen baiti ne, rufu'a ta cika kamar da wawu, kisira kamar da ya. Yaron da ya ɗaure ƙarshen irin wannan baiti ya karya kari. Haka wanda ya ɗauko maddi mai tsawo da gunnar tilawa ya saka a ƙasida, ma'aunin baitin zai rushe. Tilawa da hukuncinta, waƙa da nata.

A waƙar Hausa yaro ya san amsa-amo, ya fito da shi sarai, kada ya haɗiye ƙarshen ɗango saboda numfashi ya ƙare masa. Maganin haka shi ne a yi masa alama da fensir, layi ɗaya wurin ɗan dakatawa, layi biyu wurin jan numfashi. Kuma numfashin daga ciki ake ja, ba daga kafaɗa ba. Ka sa ya ɗora hannu a kan cibiya, in ya ja iska hannun ya taso.

Zube ba a rera shi. Yara da yawa suna karanta labari da muryar haddar allo, sama ƙasa sama ƙasa, har aku da sarki da bafade duk murya ɗaya. Wasu kuma sun kwaikwayi wani mai wa'azi da suke ji a waya, tun daga sallama suke ihu. Ka ce masa, "Ba ni labarin nan yadda za ka ba ƙanenka da daddare." Nan take za ka ji muryarsa ta gaskiya ta fito.

Sai batun gudu. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta siffanta maganar Manzon Allah (SAW) da cewa ba ya jero ta da gaggawa, mai son ƙirga kalmominsa zai iya. Anas kuma ya ruwaito cewa yakan maimaita magana sau 3 domin a gane. Duka suna cikin Bukhari. A wurin huɗuba kuma Jabir ya ruwaito a Muslim cewa muryarsa takan ɗaga. Ka ga kowane wuri da irin muryarsa. Yaro mai tsoro gudu yake don ya gama ya zauna, saboda haka a gida a horar da shi a kan rabin saurin da yake ganin ya dace.

6. TSAYUWA GABAN MUTANE

Yaron Doguwan nan, da na bincika, bai taɓa tsayawa shi kaɗai ba sai ranar jarrabawa. Kullum cikin amshin aji yake, murya 40 na ɗauke da shi. Wannan zalunci ne da ba mu lura muna yi.

Daga mako na 3 a fara hawa tsani. Ya karanta wa aboki ɗaya. Gobe mutum 3. Sannan ajinsu, sannan wani ajin da bai saba da shi ba, sannan gida gaban mahaifiya da ƙanne. A mako na 6 a yi gwaji sak irin na ranar: tebur, alƙalai baƙi, kiran suna, har da lasifika in za a yi amfani da ita. Yaron da bai taɓa riƙe makirfo ba, jin muryarsa kaɗai na fita daga lasifika ya isa ya kwance masa hadda.

A koya masa ya tsaya ƙafa biyu a ƙasa, ya daina lilo irin na zaman allo. Mun tarbiyyantar da yaranmu kada su zuba wa babba ido, kuma tarbiyya ce mai kyau. To a gaya masa ya dubi saitin hular alƙali ko bangon da ke bayansa, muryarsa za ta tafi gaba maimakon ta zube ƙasa. Yarinya ta gyara hijabinta tun kafin a kira ta, kada ya rufe mata baki, kada kuma hannu ya yi ta kai-komo wurin gyara. Hannu ya motsa inda ma'ana ta nema, in ba haka ba ya zauna lafiya.

7. IN AN MANTA FA?

Za a manta. Limamai ma muna mantawa a kan mumbari. Abin koyarwa shi ne yadda ake tashi bayan tuntuɓe. Doka uku nake ba su: kada ka koma farko, kada ka waiwayi malaminka, kada ka ce "a'a" ko "afuwan". Ka tsaya, ka ja numfashi, ka maimaita ɗangon da ka baro. In bai zo ba, ka tsallaka baiti na gaba.

Don wannan ya yiwu, a riƙa tara yaro daga tsakiya. "Fara mini daga baiti na 6." "Kawo na ƙarshe." Wanda ya san ma'ana ya san bayan zancen haƙuri zancen sakamako ke biye, ko kalma ta gudu hanya ba ta ɓace masa ba.

8. MAI IN'INA DA MAI KUNYA

Kada a cire su a ce za su ba makaranta kunya. Jahizu, wanda ya rasu a 255 bayan Hijira, ya kawo a Al-Bayan wat-Tabyin labarin Wasilu ɗan Aɗa'u. Duk da saɓaninmu da aƙidarsa, darasin na nan: mutum ne da harafin ra ba ya fita daidai a bakinsa, sai ya riƙa kauce wa kalmomi masu ra yana kawo makwafinsu, har ya shahara da fasaha. Annabi Musa (AS) kuma, a Suratu Ɗaha, ya roƙi Allah Ya warware masa ƙullin harshe, kuma dalilin da ya ambata shi ne don a fahimci maganarsa. A koya wa yara wannan addu'a tare da ma'anarta.

Na lura mai in'ina yakan samu sauƙi in yana rerawa, kari na tallafarsa. A fara masa da waƙa, zube ya biyo baya a gajarce. Kada a ƙarasa masa kalma, a jira shi.

GA ALƘALAI DA IYAYE

Alƙali ya sanar da rabon maki tun kafin a fara shiri. Ni a wurinmu haka nake rabawa: hadda 30, lafazi 25, kari da wuraren tsayawa 20, murya da isar da ma'ana 15, tsayuwa 10. Kuma a ƙarshe nakan yi wa kowane yaro tambaya ɗaya kan ma'ana. Ranar da malamai suka san za a yi wannan tambaya, ranar za su fara fassara wa yara. Sannan don Allah a saki fuska. Alƙalin da ke danna waya ko yana hira da na kusa da shi yaro na karatu, amana ya ci.

Iyaye kuma, minti 10 bayan sallar isha ya wadatar. Ko ba ki iya Larabci ba, Hajiya, ki zauna ki saurare shi, ki ce ya gaya miki abin da waƙar ke nufi. Ranar jarrabawa a ba shi abin karin kumallo, a bar shi ya yi barci da wuri daren, kada a ɗora masa sabon gyara a bakin ƙofa. In ya dawo, tambayar farko kada ta zama "Na nawa ka zo?"

Malamin yaron nan na Doguwa mun yi magana da shi a keɓe, kuma Allah Ya saka masa da alheri, bai ɗauke ta da zafi ba. Ya ce, "Malam, mu ma haka aka koya mana." Gaskiya ya faɗa, ni ma haka aka koya mini. Kwanan baya ya kira ni ya ce yaron ne yanzu ke buɗe musu taron ɗalibai na ranar Alhamis, kuma kafin ya rera kowace ƙasida sai ya fara gaya wa 'yan uwansa abin da take cewa.

Allah Ya buɗe ƙirjin 'ya'yanmu, Ya warware harsunansu a kan gaskiya, Ya ba malamansu haƙuri da lada. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuma nawa ne.